Malama Dokas da Ɗan Tsohuwa

A cikin mutanen da Malama Dokas ta kashe da biro, ɗaya ne kawai ya hana ta cin tuwo. Sauran duk ta binne su, ta wanke hannu, ta koma kan girkinta. Ta kashe wani direban tifa a gangaren hanyar Akwanga, ta kashe wata 'yar kasuwa mai tauye mudu, ta kashe fasto da liman a littafi guda don kada wani ɓangare ya ce an yi masa son kai. Mijinta Malachi yakan ce da 'yan sanda suna karanta Hausa, da tuni matarsa tana gidan yari. Amma wannan ɗayan, wani makiyayi da ta sa wa suna Nababa, shi ya kusa raba ta da aminiyarta ta shekara da shekaru, wata mai tallar nono da ake kira Hapsatu.

Dokas 'yar ƙabilar Eggon ce, amma a Keffi aka binne cibiyarta. Mahaifinta birkila ne da ya sauko daga ƙauyensu neman aiki, mahaifiyarta kuma tana soya doya a bakin tasha. Yaren gida na madafi ne da faɗa, Hausa kuwa ta kasuwa ce da coci da wasan dandali, don haka da ta tashi yin rubutu ba ta tsaya shawara da kowa ba a kan harshen da za ta yi shi. Ta koyar a firamare a Jigwada har ta yi ritaya. Can ta fara ƙirƙirar labari, saboda yaran ajinta sun haddace ɗan littafin karatun da ke hannunsu har suna karanta shi da ido a rufe. Daga baya wani mai injin buga takardu ya buga mata ƙananan littattafai. An sayi kaɗan, gara ta ci sauran a ƙarƙashin gado. Sai da 'yarta Judit, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta fara kwafe labaran tana tura su zaurukan mata a waya, sannan Dokas ta san tana da masu karatu. Mata daga Lafiya, daga Kaduna, har daga Zariya, suna zagin mugayen cikin labarinta kamar maƙwabtansu ne.

Idan aka tambaye ta inda take samo labari, sai ta ce, “Ni ban iya ƙarya ba, sata na iya.” Gaskiyarta kuwa. A wurin injin markaɗe takan bar na bayanta su wuce gabanta, ba don kirki ba, don ta ji yadda rigimar da aka fara za ta ƙare. Ta sha wuce inda za ta sauka a keken haya mai ƙafa uku saboda fasinja bai gama ba direba labarin surukarsa ba. Layin karɓar kati a asibiti, wanda kowa ke tsinewa, ita gona ce a wurinta. Matan zumunta a coci sun gane ta, da sun hango ta sai wata ta ce, “Ku rage murya, ga mai kunne nan.” Ba ta jin haushi. Doka ɗaya ta kafa wa kanta: ta canja suna, ta canja unguwa, mai ƙiba ta mayar da shi siriri, don kada kowa ya ga kansa ya ji kunya.

Duk wannan tsince-tsince ne. Rijiyarta ta gaskiya da ƙafa take zuwa har gida, da ƙwarya a kai.

Hapsatu daga wata ruga take zuwa, can ta wajen Garaku. Takan shigo mota da hantsi, ta zaga unguwanni da nono da fura da man shanu, in rana ta take sai ta ƙare a barandar Dokas, ƙarƙashin bishiyar yazawa. Nan take sauke kaya ta miƙe ƙafa. Akwai buta da tabarma da Dokas ta ajiye a bayan ƙofa, ba mai taɓa su sai Hapsatu in za ta yi azahar. Dokas tana kiranta Adda, wato yaya, ita kuma tana cewa Malama. Gaisuwarsu tsokana ce.

“Adda, yau rijiya kika tatsa ko saniya?”

“Aradu Malama, ke dai bakinki ne ya tsufa. Nonon nan ko sarki ya sha sai ya lashe ludayi.”

Wata rana, tun Judit tana sakandare, Hapsatu tana dama fura sai ta yi dariya ita kaɗai. Dokas ta tambaye ta. Ta ce wai wani yaro ne can wajensu, an neme shi an rasa tun safe, ashe yana kwance cikin maruƙa yana barci, ya rungume ɗaya kamar ƙaninsa. Da aka tashe shi sai ya ce ai ɗan maraƙin ne ke jin sanyi.

“Ɗan waye?” in ji Dokas.

“Ɗan tsohuwa ne.”

“Sunansa fa?”

Hapsatu ta kawar da kai, ta hau gyara faifan da ba abin da ya same shi. “Me za ki yi da sunan wannan shashashan? Ki sa masa wanda kika ga dama.”

Haka aka haifi Nababa. Daga ranar, kusan duk zuwan Hapsatu da sabon abin da ɗan tsohuwa ya aikata. Ya ɗaura wa akuya ƙararrawar keke ta hana ruga sakat. Ya koyi wani irin fito da in ya yi shi shanu ke ɗago kai gaba ɗaya. An sayar da wata farar saniya mai karyayyen ƙaho da ya shaƙu da ita, ya bi sawun motar a ƙafa har kasuwar shanu ta Keffi, aka same shi zaune a gefenta yana cire mata kaska. Ya girma, ya ɗauko sabon haihuwar maraƙi a kafaɗa cikin ruwan sama, ya lulluɓe shi da rigarsa, shi ya iso gida yana rawar ɗari. Hapsatu ba ta taɓa yabonsa ba ko da wasa. Daga “mai kunnen ƙashi” sai “wawan yaro”. Amma duk lokacin da take labarinsa, hannunta yakan tsaya cak a kan ludayi, furar ta kwanta a ƙasan ƙwarya ba ta sani ba.

Mai karatu ya riga ya gane, ba sai an ɓoye masa ba. Yaron nan ɗan farin Hapsatu ne. A wurin mutanen ruga mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. Da aka yaye shi surukarta ta ɗauke shi, ya tashi a bukkar tsohuwa, 'yan taku kaɗan daga ta uwarsa. In aka tambayi Hapsatu 'ya'yanta, sai ta lissafa matan da autanta, ta tsallake shi. Abin haushin shi ne Dokas ta san wannan al'ada sarai, har ta taɓa sa ta a wani labari don a yi dariya. Sai dai ta san ta ne a ka, ba a jiki ba. Ita mace ce da gari duka ke kira Maman Judit, sunan 'yar farinta ya ma shafe nata, takan ƙwala mata kira daga nan har bakin titi. An ce mata ɗan tsohuwa, ta ɗauka ɗan tsohuwa. Matar da ke jin raɗar da ake yi a bencin baya na coci, ta kasa jin abin da ake faɗa mata a barandarta.

Da ta zauna rubuta littafin, sai ta ga yaron da tsohuwa ke riƙo dole a faɗi inda uwarsa take. Ba ta wahalar da kanta ba. A shafin farko ta kashe uwar wajen haihuwa, ta mayar da Nababa maraya. Kuma da yake Hapsatu ba ta yi boko ba, al'adarsu ita ce duk babin da aka gama, ita za a fara karanta wa. Sai ta ce “ya yi” sannan a tura wa Judit. Dokas ta karanta mata mutuwar uwar, da muryarta ta aji, tana jin daɗin yadda jimlolin suka zauna. Hapsatu ta saurara har ƙarshe.

“Allah ya jiƙanta,” ta ce. “Ya yi. Ci gaba.”

Littafin ya karɓu fiye da duk abin da Dokas ta taɓa rubutawa. Mata suka ɗauki Nababa kamar ɗan cikinsu. Dokas takan karanta wa Hapsatu saƙonninsu. Wata ta ce ta yi kuka a kan farar saniya, wata daga Zariya ta ce in da gaske akwai yaron nan ta ba shi 'yarta kyauta. Hapsatu takan rufe baki da gefen gyale ta ce, “Su rasa miji sai wannan?” Can an jima, tana ɗaure ƙwarya za ta tafi, sai ta ce, “Malama, me ma matar Zariyan nan ta ce?” A sake karanta mata. Duk faɗin duniya, barandar nan ce kaɗai inda za a yabi yaron a gabanta ta zauna ta ji, ba ta tashi ta bar wurin don kunya ba.

Shekaru suka ja. Gari ya yi ta cin daji. Filayen da shanu ke kiwo aka kafa musu turaku, aka zagaye da bulo, aka gina ɗakunan haya na ɗalibai da gidajen ma'aikatan da Abuja ta fi ƙarfinsu. Samarin ruga suka kora garke suka yi kudu, suka haye kogi, ɗan tsohuwa yana cikinsu, lokacin ya zama cikakken namiji. Da farko labari yana zuwa jefi-jefi ta waya, Hapsatu tana kawo ɗan abin da ta tsinta a bakin maza. Daga baya ya ɗauke. In Dokas ta ce, “Adda, yaron nan fa?” sai ta ce, “Yana can.” Da aka ƙara jimawa amsar ta koma, “Allah ne ya sani.” Ta rame a shekarar, wuyanta ya fito, dariyarta ta ragu. Dokas ta ce tsufa ne da tsadar mota.

Ita ma tana da nata. Yanar ido ta fara rufe mata gani, layukan takarda suna hawa kan juna, likita ya ce sai an yi aiki. Tsoro ya kama ta kada a taɓa idon ya ƙi, littafin ya tsaya ba ƙarshe. Ga mata sun dame ta a waya, kullum “Mama ina Nababa?” Har ta fara jin haushin Hapsatu a ranta, kamar da gangan ta toshe rijiyar.

“Maman Judit, ki yi masa aure ki huta mana,” in ji Malachi, yana gyara eriyar rediyonsa.

“Kowane littafi da aure yake ƙarewa. Yaron nan ya fi ƙarfin shinkafar biki.”

Sai ta yanke shawarar yin abin da ta ce ba ta iya ba. Ta ƙirƙira. Ta dawo da Nababa gida da garkensa cikin damina, ta cika kogin Antau ya batse, ta sa wani ɗan maraƙi ya zame wajen hayewa, ta sa Nababa ya faɗa ruwa ya turo shi gaɓa, shi kuma ruwa ya tafi da shi. Ba ta yi ha'inci a aikin ba. Ta je wurin limamin unguwarsu ta tambayi yadda ake wanka da likkafani da sallar gawa, don kada ta yi wa Musulmi kuskure. Ta sa aka tsamo shi da safe a cikin ciyawar bakin kogi, aka suturta shi, jama'a suka yi sahu, aka kwantar da shi a gindin wata kaɗanya inda shanu ke wucewa. Da ta ɗiga aya ta ƙarshe sai da ta share ido, ta kuma san ba ta taɓa rubutu mai kyan wannan ba.

Ranar da ta karanta, hadari ya haɗu amma ruwa bai sauko ba. Hapsatu ta idar da azahar, ta naɗe tabarma, ta zauna ta jawo ƙwarya. Dokas ta kai takardar dab da hancinta ta fara. Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshe, saboda in ta ɗago layin ɓace mata yake yi. Da ta ɗago, ta ga Hapsatu zaune yadda take, ludayi a hannu, ba ta dama komai ba.

“An same shi?” in ji Hapsatu. Muryarta ƙasa-ƙasa.

“An same shi, Adda. Ai kin ji.”

“An yi masa wanka?”

“An yi masa komai yadda ya kamata.”

“Wa aka kira ya gan shi kafin a ɗauka?”

“Tsohuwa mana. Wa gare shi in ba ita ba?”

Hapsatu ta gyaɗa kai. Ta miƙe, ta aza gammo, ta ɗauki ƙwarya ita kaɗai ba ta jira an ɗora mata ba, ta fita. Ba ta ce ya yi ba. Ludayinta da faifai ɗaya suna nan a kan siminti.

Washegari ba ta zo ba. Kasuwa ta ci, ta sake ci, shiru. Dokas ta fara da cika baki, tana gaya wa Malachi cewa labarin ne ya ratsa ta, ai haka rubutu mai kyau yake yi. Amma ba ta tura babin ba. Judit ta kira ta tambaya, ta ce bai gama nuna ba. Da rana ta take sai ta tsinci kanta a baranda tana kallon ƙofa, tuwon da aka ajiye mata ya sandare a kwano. Ta kira wayar rugar, ba ta shiga. Da abin ya ishe ta, ta ɗauki jaka ta nufi kasuwa, rumfar da masu nono ke zama, inda ƙanwar Hapsatu, Halimatu Sa'adiya, take da wuri.

Suka gaisa. Dokas ta tambayi lafiyar Adda, ta ba da labarin abin da ya faru, har da ɗan murmushinta. Halimatu Sa'adiya ta ajiye murfin da ke hannunta, ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

“Malama, da gaske ba ki sani ba, ko gwada ni kike yi?”

“Me zan sani?”

Matar ta jawo ta bayan rumfa, ta rage murya. “Ɗan tsohuwa ai na Adda ne. Shi ta fara haifa. Aminullahi. Ni ina iya faɗa, ita ba ta iyawa.”

Dokas ta dafa ginshiƙin rumfar.

“Kuma ya rasu tun bara,” in ji Halimatu Sa'adiya. “Zazzaɓi ne ya kama shi a daji, can bayan kogi, ba asibiti kusa. Abokan kiwonsa suka binne shi inda ya faɗi. Sandarsa da malafarsa kawai aka kawo mana. Ko kabarin ba wanda ya gani a cikinmu.”

“Bara? Amma ai tana zuwa gidana…”

“Tana zuwa mana. Ranar da aka kawo sandar, jama'a suka cika bukkar tsohuwa da wurin babansa ana ta'aziyya. Adda tana baya tana ɗebo wa baƙi ruwa. Ko ɗigon hawaye ba ta bari an gani ba, ga surukai a zaune. Da aka watse ta koma tallarta. Gidanki ta fara zuwa.”

Dokas ta lalubi ranar a ƙwaƙwalwarta ta rasa. Ba abin da ya bambanta ta da sauran ranaku. Abin da kawai ta iya tunowa shi ne akwai wani lokaci bara da ta yi ta mitar cewa nonon Adda ya cika tsami kwanan nan. Baƙin ciki ya rufe ta, da kunya, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take. Ta tuna shafin farko, ta tuna “Allah ya jiƙanta”. Nan bayan rumfar nono, tsohuwar malamar makaranta ta tsuguna ta yi kuka kamar yarinya.

Da safe ta naɗe ludayin da faifan a ɗankwali, ta hau motar Garaku, daga bakin titi ɗan acaɓa ya shiga da ita cikin gonakin doya har rugar. Ba ta taɓa zuwa ba, duk tsawon zamansu. Wurin ya fi yadda ta rubuta shi ƙanƙanta, shanun ma 'yan kaɗan ne. Ta hango wata tsohuwa tukuf a ƙofar bukka, a jikin bukkar an rataye malafa. Ta kawar da ido. Hapsatu tana bayan tata bukkar tana wanke ƙore. Ta ga baƙuwarta, ba ta yi mamaki ba, ta shimfiɗa mata buhu. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida, shanu, damina, ido. Sannan Dokas ta ajiye ƙunshin a tsakaninsu.

“Adda, na ji. Ban sani ba, Allah ya gani ban sani ba. Ki yafe mini.”

“Me kika yi? Abin da na ba ki shi kika dafa.”

“Zan yaga shi. Ba wanda ya gani sai ke. Zan dawo da shi gida lafiya, da shanunsa, in yi masa aure, in…”

“A'a.” Hapsatu ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ta riga ta fita tas. “Kada ki yi wa matan nan ƙarya. Ba zai dawo ba. Kuma naki ya fi. Ke kin san inda kika sa shi, gindin kaɗanya, ga jama'a, ga liman. Tun ranar nan in na rufe ido can nake ganinsa. A da ba ni da inda zan gan shi.”

Wata kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da ƙafar Dokas.

“Abu ɗaya ne ya tsaya mini,” in ji Hapsatu. Har yanzu ba ta dube ta ba. “Matar nan da kika kashe tun farko.”

“Uwarsa.”

“Ba ta mutu ba, Malama. Kuskure aka yi. Tana nan kusa, tana tallar nono. Duk abin da yake yi tana gani.” Ta ajiye ƙwaryar a hankali. “Ki tashe ta. In an tsamo shi, a kira ta. Ki sa ta yi kuka a gaban kowa, da surukai da maza da kowa. Ki ce ita ba ta da kunya. Ai a takarda ne, ba mai zaginta.”

Dokas ta koma Keffi ta ɗage ranar aikin idonta. Ta sayo alƙalami mai kauri irin na rubuta sanarwa, tana rubutu da manyan baƙaƙe, 'yan kalmomi a kowane layi. Ba ta canja mutuwar Nababa ba, ba ta taɓa kaɗanyar ba. Ta dai buɗe babin ta shigar da wata mace wadda masu karatu suka ɗauka tana kabari tun shafin farko, ta faɗi gaskiyar inda take duk shekarun nan: a bukkar da ke kallon ta tsohuwa, tana jin tarinsa in ya yi mura, tana zuba masa kindirmo mafi kauri ta aika a ce daga tsohuwa ne. Wannan karon ba ta saci komai a bakin kowa ba, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ran da Hapsatu ta dawo, ba a yi tsokanar rijiya da saniya ba. Ta yi azahar a tabarmarta. Dokas ta ce wa Malachi ya je ya duba abokansa a bakin titi, ya ɗauki rediyonsa ya fita ba musu. Ta tura ƙofar gidan ta sa sakata, abin da ba ta taɓa yi da rana ba. Suka zauna su biyu ƙarƙashin yazawa.

Ta karanta yadda aka shimfiɗe shi, aka ce a kira tsohuwa. Ta karanta yadda wata mace ta taho daga hanyar gari da ƙwarya a kai, ta ga taro, ta gane. Ƙwaryar ta faɗi, nono ya malale a ƙasa, ba ta waiwaya ba. Ta ratsa maza, ta ratsa surukai, ta durƙusa a kansa ta yaye mayafin, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu. A nan Dokas ta tsaya. A wannan layin ba Nababa ta rubuta ba, kuma ba ta nemi izini ba. Ta karanta yadda yake.

“Aminullahi. Ɗana. Aminullahi, ni ce.”

Hapsatu ta ja gyale ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Da farko kafaɗunta ne kawai ke motsi. Sannan kukan ya fito, mai nauyi, daga can ƙasa, kukan da ya shekara yana jiran wuri. Dokas ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta taɓa ta ba. Ta bar ta ta yi abinta, ita ma nata yana zuba a kan takardar har tawada ta jiƙe.

Da abin ya lafa, murya ta fito daga cikin gyalen, a dishe.

“Malama. Wurin da ta kira shi. Sake karantawa.”

Dokas ba ta ganin ko baƙi ɗaya a shafin, amma ba ta buƙace shi ba. Ta ajiye takardar a cinya, ta kira sunan, ta sake kira, a madadin matar da ke zaune kusa da ita, har ladan ya kira la'asar.